Makullin da Amarya Ta Kai Garnata

"Wallahi Adnan, ka sake zura makullin nan a ƙofar mutane, ni da kaina zan kira maka 'yan sanda!"

Sukaina ce ke wannan faɗa, tana zaune a kan wani dakali a tsohuwar unguwar Garnata, ƙafafunta sun kumbura suntum. Angonta kuwa yana durƙushe gaban ƙofa ta goma sha bakwai, yana ta kici-kici da wani makulli mai tsawon ludayi.

"Saura ƙiris, hasken idona... ji nake kamar ya motsa."

"Haka ka ce a ƙofa ta uku!"

Kwana biyu rak suka samu na yawon amarci a Sifaniya, jiya duk ta tafi a ƙofofi, gobe da safe sai jirgin ruwa zuwa gida. Tun wata uku Sukaina ta yanki tikitin shiga fadar Alhamra na ƙarfe huɗun yau, kuma masu gadin can ba su san "yi haƙuri" ba. Amma ba fadar ce ke ci mata rai ba.

Mu mutanen Tetuwan, garin su Adnan da ke ƙetaren teku, duk gidan da ke ji da kansa yana da makulli rataye a bango, wai na gidan da kakanni suka baro a Andalus, wato Sifaniya ta zamanin Musulmi, shekara ɗari biyar da suka wuce. Lalla Batul, mahaifiyar Adnan, ta fi kowa ji da nata. Shi ya sa ta yi wata shida tana ɗaure kai da ɗanta ya ce 'yar ƙauyen kan dutse zai aura, wadda uwarta ke sayar da cuku a bakin kasuwa. Ghita kuwa, 'yar ƙanwar Lalla Batul, da ta daɗe da zaɓar labulen ɗakin Adnan a ranta, ba ta yi kuka ba ranar biki. Jira ta yi mata suka cika falo, sannan ta ce cikin muryar zuma:

"Inna, ki ba su makullin mana su tafi da shi. In amarya mai ƙafar alheri ce, ai gidan da kansa zai buɗe."

To, in bai buɗe ba fa? Kowa ya san sunan da za a liƙa wa Sukaina har ta tsufa: mai farar ƙafa. Kuma mijinta ko tari bai yi ba!

Adnan ya sake murɗa makullin da ƙarfi. Sai taga ta buɗe a sama, wata tsohuwa ta leƙo ta sheƙa masa ruwan ban furanni, bokiti guda, ta bi shi da ruwan masifa cikin Sifaniyanci.

"Me ta ce?" in ji Sukaina.

"Gaisuwa... gaisuwa take yi."

"Har da ambaton uwarka a gaisuwar?"

Wani dattijo mai shagon fitilu da tsofaffin ƙarafa a tsallaken lungun ya yafito su yana ƙunshe dariya. Si Allal sunansa, ɗan garinmu ne, shekararsa arba'in a Garnata. Ya miƙa wa Adnan tawul, ya zuba musu shayin na'ana'a, sannan ya karɓi makullin ya juya shi sau ɗaya tak.

"Ɗana, wannan ai ƙirar babana ce."

"Babanka... ɗan Andalus ne?"

"Ɗan layin maƙera ne a Tetuwan, Allah ya jiƙansa. Ga tambarinsa nan. Makullin bai fi shekara saba'in ba, irin na ɗakin gawayi ne. Duk bazara sai 'yan garinmu biyu-uku sun zo min da irinsa. Kai ne dai na farko da aka yi wa wanka."

Sukaina ta tuntsire da dariya, har da riƙe ciki, har da hawaye. Ɗakin gawayi! Ashe a kan makullin ɗakin gawayi aka hana uwarta zama a sahun gaba ranar biki!

Adnan kam ido ya raina fata.

"Sukaina, don Allah, don Annabi, kada Mama ta ji. Wannan makullin shi ne duk alfaharinta. Kashe ta za ki yi."

Dariyar ta ɗauke ɗif.

"Ni kuma in aka kira ni mai farar ƙafa a gaban matan gari, rayuwa zan yi ko?"

"Ba haka nake nufi ba, zumata..."

"Kwana biyu kana durƙusa wa ƙofofi, Adnan. Sau ɗaya ka taɓa tsaya mini?"

Sai wayarsa ta hau ruri. Kiran bidiyo ne daga gida. Sukaina ta fizge ta ta amsa.

Ga falon nan maƙil da mata, kowa da kofin shayi, Lalla Batul a tsakiya, Ghita riƙe da wayar tana washe haƙora.

"Amaryarmu! An samu gidan? Ko dai ƙafar ce..."

Sukaina ta ja numfashi. Maganar tana bakin harshenta, kalma biyu kacal, ta gama da su duka. Sai idonta ya sauka kan surukarta. Tsohuwar ba ta dariya, ta ƙura mata ido kamar mai roƙo, har shayi na zuba mata a kaftani ba ta sani ba. Tausayi ya kama Sukaina, tausayin da ba ta gayyato ba, ta ji haushin kanta ƙwarai.

Ta rufe bakinta.

"Kun ji shiru ko?" in ji Ghita. "Ni dai na faɗa..."

Adnan ya karɓe wayar, gashinsa na ɗigar ruwa.

"Ghita, ki saurara. Mama, ki gafarce ni. Makullin a hannuna yake, ni na nema, ni na kasa, kuma na daina. Duk wadda ta sake ambaton ƙafar matata, to ba za ta ƙara ganin tawa ƙafar a inda take ba. Ko wace ce!"

Matan falon suka zaro ido. Wata ta ƙware da shayi. Aka katse kiran.

Adnan ya zube a kan kujera yana haki kamar wanda ya yi dambe.

"Na mutu. Sukaina, na mutu."

"Ba ka mutu ba, masoyi," ta ce tana goge masa kai da tawul, hawaye na zubo mata. "Yau ma na fara ganinka."

Sai tata wayar ta yi ƙara. Lambar Lalla Batul ce, wadda ba ta taɓa kiranta ba ko bisa kuskure. Sukaina ta fita lungu ta amsa.

"Wani ya gaya muku ko?" Muryar ƙasa-ƙasa take, daga ji a ɗakin girki ta ɓuya.

"E, Lalla..."

"Shekara talatin da sanina. Ni na tsinci kwaɗonsa a ɗakin gawayi. Wannan ja'irar ta ƙure ni a gaban mata, yaya zan ce a'a?" Ta ja hanci. "Na ga bakinki ya buɗe. Na kuma ga ya rufe."

Sukaina ta jingina da bango tana share ido.

"Ki dawo min da shi mu mayar bango, 'yata. Ghita kuwa, ki bar ni da ita. Kuma ki ce da babarki ranar Juma'a a gidana za ta ci abinci, ta taho min da cukun nan nata."

Da ta koma shago, Adnan ya miƙe zumbur.

"Me ta ce? Ta tsine min?"

"Maganar uwa da 'ya ce, ba ruwan maza." Ta jefa makullin cikin jakarta ta kama hannunsa gam. "Tashi, saura minti ashirin huɗu ta yi, kuma tudu ne."

"Da waɗannan ƙafafun naki?"

"Wa ya ce da su zan hau? Durƙusa ka goya ni, ai ka ƙware!"