Farantin Dakta a Bokitin Wanki

Da sassafe aka kira Sufeto ɗakin gwaje-gwaje. Ya tarar da Dakta tsaye da tsohon ciki gaban tukunyar gilashi, sai tari take yi.

"Me aka sace, Dakta?"

"Farantin ƙarfe, bai fi tafin hannu ba. Na shafe shi da sinadarin da ke sa ruwan gishiri ya ba da kulorin, wanda ake yin bilic da shi, ba tare da shan wutar lantarki da yawa ba. Gobe masu tantancewa za su zo, kuma ba ni da wani."

Sufeto ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. A ƙasa ga ɗigon ruwa mai warin bilic, ruwan nan da ke cinye launin tufa. Fankar da ke zuƙe iskar ɗakin kuwa ta daɗe da mutuwa.

"Wa ke shigowa nan?"

"Ni, sai maigidana in ya kawo mini abinci. Tela ne, ko sunan sinadarin bai iya faɗa ba."

Suka wuce gidan tare. Surukar Dakta ta tare shi da faɗa: "Ɗan nan, ɓarawon har gishirin miyata ya kwashe!"

Sufeto ya danne dariya, ya leƙa shagon Tela.

"Ranka ya daɗe, rabona da ɗakin nan tun makon jiya," in ji Tela, yana taka keke babu ko zare a allura.

"Hannun rigarka shuɗi ne, Malam. Wa ya yi masa farin ɗige-ɗige?"

Keken ya tsaya. Bawan Allah bai iya ƙarya ba. Ya jawo bokitin wanki daga ƙarƙashin tebur, ga farantin kwance cikin ruwa lafiya lau.

"Ta sha faɗa mini in ya bushe ya lalace, shi ya sa na jiƙa shi da gishirin Inna. Tarin nan ne ke tsorata ni. Na ce in babu farantin, dole ta huta har ta haihu."

Tausayi ya kama Sufeto, amma aiki aiki ne.

"Miƙa mata kayanta. Ofis za mu, sai dai mu fara biyawa wajen mai gyaran fanka."

Dakta ta rungume bokitin tana hararar mijinta, idonta taf da hawaye. Har Sufeto ya tasa ƙeyarsa zuwa mota, ta ɗaga murya:

"Sufeto, kar ku matse masa hannu. Bai gama ɗinka kayan jariri ba."