Ƙazafin da Aka Yi wa Zaituna

'Yan shekaru bayan komawar soja bariki Maharazu ya fara ganin Zaituna, a rumfarsa ta takalman fata a Kasuwar Kurmi. Ta gwada kala-kala, ta kushe su duka.

"Malama, takalmin ne bai yi ba, ko mai rumfar?"

"Takalmin dai na duba tukuna," ta ce, tana ɓoye dariya a mayafi.

Kafin damina ya saba da zaurensu na Koki, har manya sun fara maganar sa rana.

Sai ciwo ya fito mata a nonon hagu, kumburi mai tauri da zugi. Kunya ta sa ta ɓoye. Da ya tsananta aka kira wanzami ya yi mata sakiya, wurin ya zama miki. Masu bakin da ba ya tsoron Allah kuwa suka yanke hukunci: wai ciwon nono sai wadda ta taɓa ɗaukar ciki.

Maganar ta isa Jakara, kunnen Hajiya Nana Hauwa, mahaifiyar Maharazu.

"Ba da ni ba," ta ce masa. "Nemi wata."

Zaituna ta ari wayar yayanta Baffa ta tura wa Maharazu saƙo: "Ka bi maganar Hajiya. Wallahi ban aikata ba, amma na yafe maka."

Ya amsa: "Sanyin idona, ban tambaye ki ba, don ban zarge ki ba. Ki shirya zuwa asibiti."

Sannan ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Hajiya, ki raka ta ki ji da kunnenki. Abin da kika yanke bayan nan, shi zan bi."

Ta tafi tana cin magani. Likitar ta ɗebi ɗan nama aka auna, suka koma jin sakamako.

"Ba daji ba ne, Hajiya. Kumburi ne da ba a cika gani ba, kuma yana kama budurwa ma. Za ta sha magani na watanni, a riƙa wanke mikin. Kada wanzami ya sake taɓa ta."

Hajiya ta juya ga Zaituna. "Ni zan riƙa wanke miki."

"Hajiya, ke fa suruka ce..."

"Kunyar nan ce ta kai ki hannun wanzami. Rufe mini baki."

Kullum da safe Hajiya takan ratsa Koki da auduga a hannu, a idon magulmata, har mikin ya warke ya bar tabo.

Ranar kai amarya ita ta riƙo hannun Zaituna har ɗaki.

"Maharazu, ga 'yata. In ka sa ta kuka, ni za ka gani. Allah Ya yi muku albarka."