Jinin da Ke Ƙofar Rilwanu

Ranar wata Talata a Janairun 2008, ana yayyafi da sanyi a Giza, aka tsinci gawar Rilwanu Sada a ƙasan benen da yake haya. Ɗalibi ne daga Katsina. Matarsa Samah, 'yar Hausawan Sudan, ta rasu wata biyu kafin nan, ta bar masa 'ya ɗaya, Widad.

An ga jini a ƙofarsa wanda ba nasa ba. Sufeto Ukasha ya nemi mai jinin har ya gaji, aka rufe fayil.

Bayan shekara goma sha shida ɗakin gwaji ya kira shi. Wata budurwa ta tura yawunta wani shafin neman dangi na intanet don a gwada, kuma ita da mai jinin dangi ne na kusa. Ya ga sunan: Widad ce, 'yar Rilwanu.

Ya same ta a gidansu a unguwar Dokki.

"Me ya sa kika yi gwajin?"

"Dangin Babana nake nema a Katsina. Ko hoton kakata ban taɓa gani ba. An samu wani ne?"

"An samu. Mahaifiyarki tana da 'yan'uwa maza?"

"Kawu Ya'ƙub kaɗai. Shi ya raine ni. Ga shi can yana haɗa mana shayi."

Dattijon ya shigo da tire. Akwai tsohon tabo a tafin hannunsa na dama.

"Ina kake ranar da aka kashe Rilwanu?"

"Omdurman, can Sudan, ya basha, ranka ya daɗe. Bayan kwana uku na zo ta'aziyya. Na faɗa maka tun wancan lokaci."

"Ka faɗa, na kuma yarda." Sufeto ya ajiye takarda kusa da kofuna. "Wannan daga ofishin kan iyaka. Ka shigo ƙasar nan ta Aswan mako guda kafin ya mutu."

Ya'ƙub ya zauna a hankali.

"Kawu, ka ce masa kuskure ne."

Bai ɗago ba. "Babanki ya sayi tikiti zai tafi da ke Katsina. Ke kaɗai Samah ta bar mini. Na roƙe shi, ya ƙi. Muka kama kokawa, gilashin ƙofa ya yanke ni, na ture shi. Wallahi ban yi nufin ya faɗo daga benen ba."

"Kai kake kai ni kabarinsa duk Juma'a," in ji Widad.

"Ma'alish, ki yi haƙuri, 'yata."

"Kar ka ce mini 'yarka."

Sufeto bai sa masa ankwa ba sai da suka sauka ƙasa. Widad ba ta leƙo ta taga ba.

A rahotonsa ya rubuta mutum ɗaya aka kashe. Ita kuwa ta rasa uba tana shekara uku, ta rasa na biyu tana sha tara, da shekara goma sha shida da ba ta yi a Katsina ba.