Kwalbar da Sirajo Ya Ajiye a Zaure

Sakinatu na tsugune bakin rijiya tana wanke kayan mahaifinta, sai ta ga ɗigon jini a wandonsa. Karo na uku ke nan cikin wata guda. Kafin ta buɗe baki, mahaifiyarta Inna Marka ta fizge wandon ta cusa cikin kumfa.

"Ba ki ga komi ba! Kin jiya?"

"Inna, Baba hwa ramewa shikai kullum—"

"Yi min shiru! Yaushe ɗiya taf fara maganar wandon ubanta?"

Sakinatu ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin ruwan wanki. Mahaifin nata, Malam Labbo, ba ƙaramin malami ba ne a Bakura, amma kwanan nan ko darasi ba ya iya kaiwa ƙarshe sai ya jingina da bango. Kuma mutum ɗaya da take jin zai gane ciwon, shi ne wanda Malam ya kora daga ƙofar gida.

Sirajo ke nan, ɗan Maradun. Tun da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarsu ya kama aiki a Talata Mafara, wajen wasu likitoci masu bincike a kan jinin mutanen da ke zaune bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Shekara biyu suna son juna da Sakinatu. Ranar da iyayensa suka zo tambaya, Malam ko goro bai taɓa ba.

"Wanda ka wuni cikin jinin mutane da bawalinsu, da wace riga za shi salla? Ban ba shi ɗiyata!"

Sirajo bai riƙe shi a zuciya ba. In sun haɗu a hanya, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe shi.

Ana nan sai masu binciken suka iso Bakura. Mutane suka watse, wai jinin sayar da shi ake yi. Mai unguwa ya roƙi Malam ya fara ba da nasa don jama'a su yarda. Malam ya miƙa yatsa yana kallon wani gefe, aka ɗiga jinin a kan ɗan gilashi.

Ran Talata Sirajo ya tari Sakinatu a kasuwa. Ya daɗe yana murza hularsa kafin magana ta fito.

"Sakinatu, na duba jinin Malam a madubin likita. Akwai fararen ƙwayoyi cikin jini, su ne sojojin jiki. Wani iri daga cikinsu ba shi yawa sai in tsutsa ta shiga mutum. Na Malam sun cika gilashi. Sakamakon nan ya hana ni sukuni. Ko kin lura da wani abu a gida?"

Kunya ta kama ta kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja gyale ta rufe fuska, da ƙyar ta faɗa masa abin da take gani a wanki.

"Tsargiya ta," in ji Sirajo. "Tana da magani, amma in an bar ta tana ɓata mafitsara. Sai dai likita ba shi ba da magani sai an gwada bawali."

"Innalillahi! Wa za shi iya tambayar Baba wannan?"

Ga inda gizo ke saƙa. In aka aika takarda ta hannun mai unguwa, kafin la'asar duk Bakura ta ji. In kuma Sirajo ne, a ƙasar nan ko abinci mutum ba ya ci gaban surukinsa, balle ya nemi fitsarinsa a kwalba!

Washegari da hantsi Sirajo ya jira har ɗalibai suka watse, ya cire takalmi ya shiga zaure. Gaisuwar da ya yi ta isa ta mutum goma, don dai ya jinkirta abin da ya kawo shi. Daga ƙarshe ya zaro 'yar kwalba ya ajiye gefen buzu.

"Allah gafarta Malam, a yi min aikin gafara. Bawali aka so a gwada."

Malam ya miƙe tsaye. "Ni? Kai! Ni za ka yi wa wagga rashin kunya cikin zaurena?" Sai kuma muryarsa ta karye, ya koma ya zauna. "Yaro, na san abin da kuke zato. Wallahi tun da nike ban taɓa kusantar haram ba."

Sai a lokacin Sirajo ya gane abin da ke cin dattijon nan. Ashe ya ɗauka ciwon sanyi ne, irin na masu bin mata. Wata shida yana ɓoye shi, yana kuka shi kaɗai a kan laifin da bai aikata ba.

"Subhanallahi, Malam! Ba shi ba ne. Ruwan kanal ne. A nan kuke alwala in kun tahi gona, ko? Tsutsar daga dodon koɗi take hitowa, ta shiga ta fata. Ba ruwanta da mai zunubi ko mai tsarki. Kuma daga ni sai likita, ba mai ji."

Sirajo ya yi sallama ya fita, ya bar kwalbar a nan. Sakinatu da ke laɓe bayan ƙofa ta toshe baki tana kuka.

Bayan kwana biyu aka ga Malam Labbo a Talata Mafara, ya miƙa wa Sirajo kwalbar nan ƙunshe cikin tsumma ba tare da sun haɗa ido ba. Gwaji ya tabbatar, aka ba shi magani. Kafin wata biyu ya koma darasinsa, kuma ba wanda ya ji komai a gari.

Ranar wata Juma'a ya tara 'yan'uwansa, ya aika aka kira iyayen Sirajo.

"Na kira yaron ga mai najasa, ya rufa min asiri. Da ya so, da ya rama. Ni yau nika jin kunyarshi. Na ba shi Sakinatu."

Inna Marka ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, Sakinatu kuwa ta ruga ɗaki ta kifa kai a kan gado.

Kunya ado ce, ba mai musu. Amma kunyar da za ta sa ka ɓoye ciwo har ya kai ka kushewa, wannan cutar kai ce. Kuma duk wanda aka wulaƙanta ya yi haƙuri ya saka da alheri, Allah ba ya barinsa ya taɓe.