Magen Da Ta Cinye Bikin Umma

Wata Asabar da hantsi Khaula ta shiga wani ɗan shago a kasuwar Utako, rungume da leda cike da tsofaffin kaset-kaset na bidiyo. An ce mata a nan ake juye irinsu zuwa filashi. Saura wata biyu iyayenta su cika shekara talatin da aure, tana so ta ba su mamaki.

Mai shagon, Shafi'u, dogon saurayi ne siriri mai gilashi. Da ya ɗago ya gan ta, sai da ta maimaita buƙatarta sau biyu kafin ya gane me take cewa.

"Wannan ne na bikin Ummata," ta ce. "Don Allah a bi shi a hankali."

Ya hure ƙurar, ya saka shi a na'ura. Ga Umma nan a lulluɓe, ƙawaye na guɗa. Minti bakwai kacal sai hoton ya yi rawa, bikin ya ɓace, wani tsohon fim baƙi da fari ya fito. Wani ƙaton alƙali mai gashin baki ne yake neman hular gashinsa, alhali wata mage ta naɗe a cikinta tana barci.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Wani ne ya ɗauki fim daga talbijin a kan bikin," in ji Shafi'u. "Abin da ya goge ba ya dawowa, ki yi haƙuri."

Ta so ta yi fushi. Amma daidai nan alƙalin ya kifa hular a kansa da magen a ciki, wutsiya na lilo a kan hancinsa yana ta yanke hukunci. Dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Lura da magen," in ji Shafi'u a hankali. "Kowa a fim ɗin wahala yake sha don ya ba da dariya, ban da ita. Ba ta ma san ana ɗaukarta ba."

"To ya aka yi ta yarda ta zauna?"

"Shekara shida ina tara irin waɗannan, ina da arba'in da ɗaya, har yau ban gano ba. Ki dawo mu bincika tare."

Ta dawo kuwa. Ta zo karɓar filashi, ta zo gyaran caja, ta zo ba dalili. Suka ga magen da ta hana wanzami aski, da wadda ta tarwatsa liyafar wani attajiri da tsalle ɗaya. Shi yana zargin kifi ake ɓoye musu, ita ta ce sam, jira kawai ake yi sai mage ta ga dama.

Wata rana da yamma saƙonsa ya shigo: "Malamar bincike, yau na saka fim na kasa dariya. Ashe ba magen ba ce, ke ce."

Ta amsa: "Sarkin kaset, ka iya zance. Gobe bayan azahar."

Amma tambayar farko, ta wanda ya goge bikin, ba ta bar ta ba. Ta sami Umma a kicin ta nuna mata fim ɗin a waya. Hajiya Rabi'atu ta ajiye ludayi, ta daɗe tana kallo.

"Abbanki ne," ta ce. "Lokacin da na yi ɓarin cikina na fari, wata biyu ban yi ko murmushi ba. Rannan aka sa wannan a talbijin, ya ji na ɗan dara. Ya rasa kaset, ya wawuri na bikinmu. Kullum ya dawo ofis sai ya kunna min."

Khaula ta kasa haɗa wannan labari da mahaifinta Alhaji Dallatu, mutumin da ko gaisuwa da gira yake amsawa.

Shi ya sa ta yi zaton zai sassauta da ta kawo maganar Shafi'u. Bai sassauta ba.

"Mai gyaran bidiyo daga Mararaba? Ga Zakariyya ɗan aminina, da aikinsa a ma'aikata, shekara guda yana jiranki."

Zakariyya bai tsaya jira ba. Ya je Utako ya ga abokin takarar da idonsa, ya tsaya a bakin shagon kamar mai duba caja. Nan ya ji Shafi'u a waya yana murna: "Inna, Lantana ta sauka? Huɗu? Alhamdulillahi! A ba ta madara, ina nan tafe."

Kafin la'asar labari ya isa falon Alhaji: yaron nan yana da mata, har ta haifi 'yan huɗu.

Da Khaula ta ji, ta rubuta wa Shafi'u: "Da gaske Lantana ta haihu?"

"Wallahi kuwa! Wa ya riga ni? So nake na ba ki mamaki. Duk ita suka biyo don kyau. In an yaye su zan kawo miki ɗaya ki riƙe, Khaulata."

Ta karanta sau uku, ta kashe wayar, ta kifa kai a filo. Kwana uku bai same ta ba. Ya rasa laifinsa, har shago ya daina buɗewa da wuri.

A rana ta huɗu Alhaji Dallatu ya ga 'yarsa ta rame, ransa ya ɓaci. Ya ja mota da kansa, ya sha cunkoson hanyar Mararaba awa biyu, don ya ja wa mayaudarin kunne a gaban iyalinsa. Mahaifiyar Shafi'u, Inna Hasana, ta yi masa shimfiɗa, Shafi'u ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ba zama na zo ba. Ina mai jegon?"

Shafi'u ya yi mamakin wannan karamci. Ya shiga ɗaki ya fito da kwali. A ciki wata farar mage ce kwance a kan tsohon zani, 'ya'ya huɗu na tsotso. Ta buɗe ido ɗaya ta dubi Alhaji, ta mayar ta rufe.

"Ga Lantana, Baba."

Alhaji ya dubi kwalin, ya dubi yaron. Ya yi gyaran murya, ya cije leɓe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ɓarke masa har hularsa ta faɗi.

Da ya natsu, bai ce ya yarda ba. Ya yi tambayoyi masu zafi: asali, sana'a, salla, inda zai ajiye mace. Shafi'u ya amsa kansa a ƙasa. "Ba ni da ofis, Baba. Amma shekara tara da hannuna nake riƙe da Inna, na kuma gina ɗaki biyu a bayan nan."

Alhaji ya zaga ya ga ɗakunan, ya tsaya wajen limamin unguwa da maƙwabta, sannan ya tafi.

Khaula ta kunna wayarta da yammar nan, bayan Umma ta gama ba ta labari tana riƙe ciki. Kunya ta rufe ta.

"Ka yafe min. Ban san mage ba ce."

"Ni ma ban san kishina kike yi ba. Yau ba wanda ya kai ni farin ciki a Abuja."

Sati biyu Alhaji yana bincike, sannan ya kira Zakariyya ya ba shi haƙuri, ya aika wa Shafi'u ya turo magabata.

Aka ɗaura auren wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Da za a tafi da amarya, aka kai ta gaban iyayenta tana kuka. Umma ta yi mata nasiha mai tsawo. Da aka zo kan Alhaji, ya ɗora hannu a kanta.

"Na so na zaɓa miki da kaina, Allah ya fi ni iya zaɓi. Ki riƙe yaron nan da amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa gidanku ya zama gidan da ake dariya."

Ɗakin ya amsa da amin, guɗa ta tashi.