Ruwan Zafi a Garejin Alhaji Maliki

Da la'asar sakaliya Alhaji Maliki ya dawo daga bakin titi riƙe da kwalbar kananzir, ya shige garejin gidansa na Abakpa ya turo ƙofa. Shekara talatin da biyar ya yi yana sa hannu a takardun gwamnati, da ya yi ritaya sai ya ce shi kafinta zai zama. Ba wanda ya hana shi, don duk wanda ya san Maliki ya san ba ya hanuwa. Mutum ne da in ka ce masa ga rami, sai ya taka ya ji zurfinsa.

Tsohon injin goge katako ya sayo daga wani wurin yankan katako da ya rufe. Ƙarfe ne irin na da, ƙarti shida ba sa ɗaga shi. Sai da Nazifi makaniki ya warware shi gunduwa-gunduwa kafin ya shiga ƙofar garejin, ya kuma ce ranar Asabar zai zo da mutanensa su haɗa.

"Alhaji, don Allah kada ka taɓa shi kai kaɗai," in ji Nazifi. "Teburin ƙarfen injin nan in ya faɗo wa mutum, sai dai a kwashe."

Maliki ya ce to. Ranar Laraba sai ga shi tsugune gaban injin. Matarsa Hajiya Harira ta tafi barka Rafin Guza, gidan ba kowa, ba mai ce masa ya bari.

A gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya daidaita gindin injin, ya ɗaura sandar ƙarfe mai wuƙaƙe uku a mazauninta. Saura teburin, wanda ke lilo a sama, rataye da sarƙar ɗaga nauyi a ƙarfen rufi. Amma notocin da za su riƙe shi duk tsohon giris ya daskare a jikinsu, kananzir ma ya kasa. Sai ya kunna risho, ya ɗora garwa da ruwa da sabulu, ya zuba su ciki suka yi ta tafasa har suka fito fes.

Ya tsame notocin. Ruwan na ta huci. Kwata tana can bayan gida, shi kuwa sauri yake yi kafin duhu, don tun rana aka ɗauke wuta. A kusurwar garejin akwai wani ɗan rami inda bango ya rabu da siminti. Tun yana yaro uwarsa ke dukan bayan hannunsa a kan wannan: ba a zubar da tafasasshen ruwa a ƙasa sai an surka shi, sai an yi bisimilla, balle da almuru, saboda akwai masu zama inda ido ba ya kai wa. Maliki ya tuna sarai. Ya yi tsaki, ya kama garwar da tsumma, ya juye ta duka a ramin.

Wani abu ya tsala ƙara a ƙarƙashin ƙasa, siririya, sau ɗaya. Ya ce mage ce. Sai wari ya taso, irin na gashi in an babbaka shi, ya danne warin kananzir da na giris. Gabansa ya faɗi, amma girman kai ya hana shi ko da a'uziyya. Ya koma kan aikinsa.

Ya ja sarƙa a hankali, teburin ya sauko har saura tafin hannu ya zauna. Ya kafa makullin sarƙar, ya gwada, ta riƙe gam. Sannan ya zura hannunsa na dama ƙarƙashin teburin yana laluben ramin noti, yatsunsa dab da wuƙaƙen.

Ƙas.

Sarƙar ta zame ƙwaya ɗaya. Ya ɗaga kai. Ba kowa, sarƙar ma ko motsi ba ta yi.

Ƙas. Ƙas.

Kafin ya janye, ƙarfen ya sauka kan wuyan hannunsa. Bai karya ba. Ya dai danne, daidai yadda ba zai fita ba, kamar wanda aka auna. Maliki ya fizga, ya miƙa hagu zai kamo sarƙar, ta yi sama da kanta ta bar shi yana kama iska.

Kukan kajin maƙwabta ya ɗauke. Ƙarar Keke Napep ɗin da ke wucewa a layi ta ɗauke. Numfashinsa kaɗai yake ji, da na wani a bayansa.

"Da wannan ka zuba?"

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, a shaƙe kamar ta wadda ta sha kuka. Bai iya waiwayawa ba. Zafi kawai yake ji a ƙeyarsa, irin na bakin murhu.

"Wace ce?" ya ce da raɗa.

"Maƙwabciyarka. Tun ba a kafa tubalin gidan nan ba nake nan. Motarka ta yi shekara ashirin tana tsiyaya mana baƙin mai, na yi shiru. Ka kawo guduma da zarto, na yi shiru. Yau ka dafa min ɗa yana barci."

"Wallahi ban sani ba."

"Ka sani. Uwarka ta gaya maka."

Wannan ta fi ƙarfen nauyi, don gaskiya ce. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya yi wayo.

Sai sandar wuƙaƙen ta motsa. Ba wuta a unguwar, wayar injin ma tana naɗe a kan benci. Amma ta juya. Wuƙa ta farko ta wuce ta shafi farcensa. Ta biyu ta ɗauke bakin farcen.

Ya fara Ayatul Kursiyyu, harshensa na sarƙewa. Ya kai tsakiya ya kakare. Muryar ta ɗauka daga inda ya tsaya, ta ƙarasa masa har ƙarshe, ba tuntuɓe ko ɗaya.

"Ni ma na yi makaranta," ta ce. "Ba ni ce azzaluma a ɗakin nan ba."

Sandar ta ƙara gudu. Iskarta na kaɗa gashin hannunsa. Ƙarfen ya fara jan hannun ciki, kaɗan-kaɗan.

"Ki yi wa Allah, baiwar Allah."

"Kai ka yi masa?"

Jini ya ɗiga kan siminti.

Daga kusurwa sai kuka ya tashi. Kukan jariri, a dushe, yana yankewa.

Sandar ta tsaya cik.

Zafin da ke ƙeyarsa ya matsa. Ya ji wani abu ya ja jiki a ƙasa da sauri ya nufi ramin. Sarƙar ta yi ƙas, teburin ya ɗaga kamar kaurin yatsa. Maliki ya fizge hannunsa, fatar bayan hannun ta saɓule a jikin ƙarfen, ya faɗi da baya. Teburin ya rufto da ƙarar da ta girgiza kwanon rufi.

Da rarrafe ya kai ƙofa. Muryar ta biyo shi daga cikin ƙasa.

"Ka je. Aro na ba ka. In ɗana ya rayu, hannun naka ne."

A tsakar gida Hajiya Harira ta same shi kwance, ana sallar magariba a masallacin layi. A asibiti aka ce ƙashi lafiya lau. Likitan ya daɗe yana juya hannun, sannan ya tambaya wa ya zuba masa tafasasshen ruwa, don daga yatsu har gwiwar hannu ya yi bororo.

Nazifi ya zo ranar Asabar, Maliki ya ce a bar injin yadda yake. Bai sake ɗaga guduma ba. Kullum da almuru sai ya ja kujera bakin ƙofar garejin ya zauna, hannu naɗe da bandeji, yana kasa kunne. In kukan ya taso daga kusurwa sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdulillahi. Hajiya ta ɗauka mage ce ta haihu a ramin, shi kuma bai gyara mata ba.

Rana ta goma sha ɗaya ya zauna har aka kira salla bai ji komai ba. Hajiya ta fito daga kicin da buta.

"Alhaji, yau dai magen nan ta ba mu lafiya. Ungo, yi alwala kada ka rasa jam'i."

Ya miƙa hannun dama ya karɓa. Yatsun suka ƙi rufewa, butar ta zame ta faɗi a tsakaninsu.