Wayoyin Dorjsuren

Da magariba, Tungalag tana tatsar saniya a bakin tantinsu na ulu, sai fitilun baya na tsohuwar motar mijinta suka kawo ja. Motar ba batir a cikinta. Shekara da shekaru tana kwance kusa da marmaro, ciyawa ta cinye tayoyin.

Duk aikin mijin ne, Dorjsuren, mutumin da ko fitilar hannu ta lalace sai ya ƙarasa kashe ta. Shi ne ya tashi wai zai ja gawar motar nan zuwa mazauninsu na hunturu. Ya yanke wayar tsohuwar rediyo, ya ɓare ta da haƙori, ya jona fitilun motar da na babbar motarsu, don in ya taka birki a gaba su kama a baya. Wuni guda yana takawa yana ihu, "Hulan! Ta kama?" 'Yarsu tana amsawa. Kai ka ce jirgin sama ya ƙera.

To yanzu ba wanda ya taka komai, igiyar wayar ma a cire take.

"Ragowar wuta ce," in ji shi. Bai rufe baki ba dutse ya faɗo kan rufin tantin, tim! Wani ya biyo baya. Karnuka suka shige ƙarƙashin amalanke suka yi tsit. Hulan ta ajiye kwanon shayi a hankali, ta miƙe, ta je ta zauna a kujerar bayan tsohuwar motar. Da uwarta ta kamo hannunta, sanyi ƙalau, idanun ba nata ba.

Tun da asuba Tungalag ta hau doki ta ɗauko Lama Sodnom, malamin addininsu. Tsohon ya turara ganye, ya daɗe yana karatu ƙasa-ƙasa, sannan ya dubi yarinyar ya ce, "Wane ne kai?"

Muryar wani ƙato ta fito daga bakin yarinyar. "Mai gidan nan, motar nan ce gidana. Ina zamana lafiya, wannan sakarai ya zo yana kunna mini ja a ido. Yanzu kuma zai ja ni kamar mushe."

"Me kake so ka sake ta?"

"Ya bar motar. Ko ya ja abarsa, in riƙe yarinyar."

Lama ya juya ya dubi Dorjsuren. Tungalag ma ta dube shi. Shi kuwa gogan naka wayoyinsa ya tsaya kallo. Ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, a tambaye shi mana... ko gwaji ɗaya a kan hanya? Aikin fa ya yi kyau."

"Baban Hulan!" Tungalag ta daka masa tsawa.

Aljanin ya yi wata dariya mai muni. "Tir! Ni da nake aljani na fi ka sanin darajar 'yarka. Riƙe tarkacenka, ba na maƙwabtaka da irinka." Fitilun suka mutu. Hulan ta sulale jikin uwarta, tana haki.

Dorjsuren ya matso yana washe baki. "Kin gani ko? Ga yarinya, ga mota! Hulan, sannu, 'yar baba."

Yarinyar ta janye hannunta daga nasa.

"Duk ina ji, Baba," ta ce.